Kundin aikin tarwada mai jeri uku

9 ga Fabrairu 2025

Mun yanke shawara bana za mu gwada fitar da tarwadar da ba ta haihuwa a nan gidan ƙyanƙyasarmu. Wuri da iyayen kifi da kuɗin ƙanƙara nawa ne, karatun kuma na 'yar yayana ce da ke shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kifi. Ita ta matsa in riƙa rubuta komai da kwanan wata, wai abin da ba a rubuta ba gobe gardama zai koma.

Kowace ƙwayar halitta a jikin tarwada tana ɗauke da kuromosom 56, wato ƙunshin gadon da ke tsara halittarta: 28 daga uwa, 28 daga uba. Jeri biyu ke nan. Amma ƙwan da muke matsowa daga cikin uwa bai gama shiri ba, yana riƙe da jeri biyu nasa na kansa. Sai maniyyi ya shige shi tukuna, sannan cikin 'yan mintoci ya tofar da jeri ɗaya waje, ya haɗa wanda ya rage da na uban. Dabarar duka ita ce a hana shi wannan tofarwar. In aka tsoma ƙwan a ruwa mai tsananin sanyi daidai wannan lokaci, siraran zaren da ke jan kuromosom su rabu sai su wargaje, jerin da ya kamata ya fita ya yi zamansa. Kifin da zai fito yana da 84, jeri biyu na uwa, ɗaya na uba. Zai ci, ya yi iyo, ya girma kamar kowa. Ranar da ya balaga ne lissafi ke ƙi, don uku ba ta rabuwa gida biyu daidai, saboda haka ƙwai ko maniyyin kirki ba ya samuwa. Ayabar da muke ci kullum jeri uku gare ta, shi ya sa ba ka taɓa ganin an shuka ta da iri ba.

Tun da aka yi ta cece-kuce kan masarar TELA, wadda aka sauya wa halitta, a 2024, duk wanda na faɗa wa wannan aiki sai ya ɗaga gira. To ba a cusa wa kifin nan komai daga wata halitta. Gadon uwarsa ne da na ubansa, na uwar ne kawai ya ninku.

Ƙa'idar da za mu bi ba sabuwa ba ce. Masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holand sun wallafa ta tun 1987: ruwa mai digiri 5, na tsawon minti 40, a fara wajen minti 3 bayan haɗa ƙwai da maniyyi. Wasu da suka zo baya sun rage zuwa minti 20. Za mu raba ƙwan uwa guda kashi uku, ɗaya minti 20, ɗaya minti 40, ɗaya kuma ba za a taɓa shi ba, shi ne shaida, wanda za a gwada sauran da shi.

8 ga Maris

Azumi ya kama, ƙanƙara ta yi tsada, an ɗage ƙyanƙyasa sai bayan Sallah. Kafin nan muna ta gwaji da kula da ma'aunin zafi, babu ƙwai. Sauko da ruwa zuwa digiri 5 ba wuya. Riƙe shi a nan na minti 40 a zafin Kano, a nan gizo ke saƙar. Ƙaramar kula ba ta yi, da ka tsoma abu mai ɗumi sai ma'auni ya haura. Mun koma babbar kula irin ta masu sayar da lemo, ƙwan kuma zai shiga cikin rariya don kada ya tafi da ruwansa. Ƙanƙarar kasuwa ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, don haka a ƙulle cikin leda za ta shiga, ruwan burtsatsenmu kaɗai zai taɓa ƙwai.

12 ga Afrilu

Jiya da tara na dare muka yi wa uwa allurar Ovaprim mai sa ƙwai ya nuna ya sauko, rabin mililita a kowane kilo, muka bar ta ita kaɗai a baho an rufe da raga an danne da bulo. Ruwan yana digiri 28. Bayan sallar asuba na ɗan danna cikinta, ƙwai ya gangaro ba gardama.

Namijin muka fara yankawa, tun da tarwada ba ta ba da maniyyi da matsa, sai an ciro marainan. Fari ne tas mai kauri, muka tsattsaga shi a ɗan ruwan gishiri muka ajiye gefe. Yaron gona ya riƙe kan uwar da tawul, ni na matse ta a busasshiyar roba. Ƙwan ya yi kyau, kore-kore mai ɗan ja, ba fari ko ɗaya, ba jini. Muka zuba maniyyi muka juya da gashin kaza.

"Baffa, kada ka zuba ruwa sai na ce," in ji 'yar yayana, waya a hannu, babban yatsa a kan agogo.

Tana da gaskiya. Maniyyin kifi a kwance yake har sai ruwa ya taɓa shi, in ya tashi kuma ƙarfinsa bai wuce minti guda ba. Don haka ƙidayar daga zuba ruwa take farawa, ba daga juyawa ba. Na zuba, ta danna. Minti 3 a baki kamar da yawa, amma a cikinsu sai ka juya, ka tsiyaye, ka raba uku, ka shimfiɗa kowane kashi a rariyarsa kafin ƙwan ya fara danƙo ya dunƙule. In ya dunƙule, na tsakiya ba zai ji sanyin da na gefe ya ji ba, kuma shi ne zai fito da jeri biyu ya ɓata maka lissafi bayan wata shida. Ta ce "yanzu", rariya biyu suka nutse a kula. Ma'auni ya ɗan motsa zuwa 6, muka ƙara leda guda, ya dawo. Daga nan sai zaman jira, yatsuna sun ƙage don sanyi, bayana kuma gumi ke bi.

Da lokacin kowace ya cika muka mayar da ita kai tsaye cikin ruwan ƙyanƙyasa mai gudana.

14 ga Afrilu

Kashin shaida ya fara fashewa tun jiya da asuba, bai ma cika awa 24 ba. Na minti 20 ya biyo baya, na minti 40 ya yi jinkiri sosai, dama sanyin ya tsayar musu da agogo. Farin ƙwai, wato matacce, ya fi yawa a na minti 40, abin da ya fashe a can bai kai rabin na shaida ba. Mun zuƙe matattun da siririn tiyo kafin su yi fumfuna su kashe na kusa da su.

Da na haska tocila a gilashi na ga masu lanƙwasasshiyar jela, da masu kumburin ciki da ke juyawa wuri ɗaya. Ana samunsu a kowace ƙyanƙyasa, amma ba da wannan yawan ba. Waɗannan ba za su kai ranar cin abinci ba.

6 ga Mayu

Sun shanye gwaiduwa a kwana na uku, mun fara da atimiya, 'yan mitsitsin halittun ruwan gishiri da ake ba jariran kifi, yanzu suna kan garin abinci. Da ido ba ka bambanta tanki ukun ba, launi ɗaya, cin abinci ɗaya, cin juna ma ɗaya. Kowane mako sai an tsame shuta, masu saurin girman nan da ke haɗiye 'yan uwansu, amma ba ma zubar da su, kowane kashi da bahon shutarsa, don su ma za a duba jininsu. Raga da roba da tiyo kowane tanki da nasa, na ɗaura musu ƙyalle kala-kala. Kifi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa tankin maƙwabci, aikin ya zama tatsuniya.

Daren Lahadi an ɗauke wuta, famfo ya tsaya har gari ya waye, ga zafi. An yi asara a ko'ina, ta ɗan fi yawa a na minti 40. 'Yar yayana ta ce a kifin salmon an tabbatar masu jeri uku ba su jure zafi da ƙarancin iska kamar sauran, har a Nowe abin ya zama matsala, ga kuma yanar ido da karkacewar ƙashi. Tarwada babba tana shaƙar iska a sama, amma 'ya'ya ƙanana sai sun yi 'yan makonni kafin wannan gaɓar ta yi ƙwari. Dare ɗaya ba hujja ba ne, na dai rubuta.

21 ga Yuni

Yau aka duba jini. Wannan ne ainihin aikin, duk abin da ya gabata share fage ne.

Jan ƙwayar jinin kifi ba kamar ta mutum ba ce, tana da cibiya a tsakiya, kuma a cibiyar nan kuromosom suke. Mai jeri uku cibiyarsa ta fi girma da kusan rabi, ƙwayar ma ta fi tsawo, adadinsu a jini kuma ya ragu. Ana ɗibar ɗigo ɗaya daga jijiyar gindin jela da siririyar allura, a ja shi a gilashi, ya bushe, a kafe shi da metanol, a rina da Giemsa. Rinin da ake gwajin zazzaɓin cizon sauro da shi ne, don haka duk wani ɗakin gwaji na unguwa ya san hannunsa. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji da muke sallah tare shi ya ba mu aron maikuroskof, madubin ganin ƙananan abubuwa, bayan an tashi aiki.

Na sa ido na gani da kaina. Na shaida ƙwayoyin kusan zagaye suke, cibiya ƙarama shuɗiya mai duhu. Da aka sauya gilashi zuwa na minti 40 sai ga su dogaye kamar an ja su, cibiyar ma ta miƙe, tazarar da ke tsakaninsu ta fi faɗi. Mai ɗakin ya ce, "Alhaji, wannan ai ko makaho ya shafa." Amma ba duka ke fitowa ƙarara haka ba. Akwai na tsaka-tsaki da sai an ɗauki hoto da waya ta bakin madubin, a auna tsawon cibiya da yawa a kwamfuta, a fitar da matsakaici. Kifi ɗaya yana cin fiye da rabin awa.

Abin da ya fito: a na minti 40 kusan duk wanda aka duba mai jeri uku ne. A na minti 20 galibi haka ne, amma ga masu jeri biyu nan tsilli-tsilli a ciki, kuma cikin bahon shutarsa sun fi yawa. Wato wanda ya fi rayuwa shi ya fi gauraye, wanda ya fi tsabta shi ya fi mutuwa.

20 ga Yuli

Wani mai sayen fingalin, wato 'ya'yan kifi na raino, a wajena ya ji labari ya zo. Tun daga ƙofa yake cewa a ware masa "sabon irin nan mai saurin girma", har ya fara lissafin nawa zai ɗora a kai. Na kai shi gaban tankunan na ce ya nuna min mai saurin. Ya duba, ya sake dubawa, ya nuna tankin shaida.

Muna awo duk sati biyu, kuma har yau babu wani bambancin nauyi da za a kafa hujja da shi. Mutanen Wageningen ma abin da suka samu ke nan a 1987: girman bai bambanta ba, mai jeri uku ya fi kitse, kuma in an farke ciki an cire kayan ciki abin da ke saura ya fi yawa. Ni a ganina duk wanda zai tallata wannan kifi da sunan saurin girma yaudara zai yi, kuma yaudarar mai sauƙi ce, tun da mai saye ba shi da hanyar ganewa. Kasuwar fingalin ɗinmu dama amana ce kawai ke riƙe da ita. An sha sayar wa mutane ragowar da aka tace aka bari a ce musu irin Holand ne. In aka ƙara da suna mai daɗi da ba a gani sai a maikuroskof, an buɗe wata sabuwar ƙofa. Ban sayar masa ba.

24 ga Agusta

Ruwa ya yi yawa makon nan, tafkunan ƙasa biyu na maƙwabtanmu sun cika sun haɗe da rafi. Washegari yara na kama tarwadar gona da hannu a bakin hanya. Abin da ba su kama ba ya bi ruwa, kuma ruwan nan Kogin Kano yake faɗawa, ya wuce Wudil, ya zama Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ragowar ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Haka aka yi a ambaliyar 2022, gonakin kifi ba iyaka suka tafi da ruwa a faɗin ƙasar nan.

Na je gaida Sarkin Ruwan garinmu, hira ta kawo mu nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuna gane ta gona in ta shiga kalli?" Ya yi dariya ya ce tun daga kai da santsin fata suke ganewa, kuma in damina ta yi nisa akan samu da ƙwai a cikinta. Wannan ƙwan shi ne damuwata. Tarwada 'yar gida ce a nan, ba kamar Indiya da ta haramta kiwonta ko Burazil da ta kuɓuce ta addabi koguna ba. Sai dai ta gona ba ta kogi ba ce. An daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a gidajen ƙyanƙyasa, an gauraya da irin da aka raina a Turai, an kuma gauraya da ramboshi, wani dangin tarwada. Ramboshin da aka fi haɗawa da ita kuromosom 52 gare shi, ɗan haɗin 54, kuma ba duka ne ba sa haihuwa ba. Ta kogi ita ce ta san rani, ta san yadda ake kwana a laka in fadama ta janye, kuma wajenta muke komawa neman sabon jini duk lokacin da iyayen gona suka lalace. In ta gurɓace ba mu da wata ma'ajiya.

Ƙasashen da suka ɗauki jeri uku da gaske saboda wannan suka ɗauka, ba don kiba ba. Amurka ta shigo da kifin kaf mai cin ciyawa daga Asiya a 1963 don ya share mata ciyawar ruwa, daga baya ya zama abin tsoro. A shekarun 1980 aka fara fitar da mai jeri uku, jihohi da yawa suka ce shi kaɗai za a saka a ruwa. Tsarinsu shi ya burge ni: mai gona zai gwada jinin kowane kifi ɗaya bayan ɗaya da na'ura, sannan jami'in hukumar kifi da namun daji ta tarayya ya zo ya tsamo 120 ya sake gwadawa. Aka samu mai jeri biyu ko ɗaya, duk rukunin ya faɗi. Duk da haka an samu masu haihuwa a Kogin Sandusky da ke zuba a Tafkin Erie. A Ingila kuma akwai kifin ruwan sanyi da ake kira tarawut, tun 2015 na gona da za a zuba a kogi sai mai jeri uku, in ba daga iyayen wannan kogin aka fitar da shi ba.

In an auna mu da wannan ma'auni, kashinmu na minti 20 ya faɗi warwas. Kuma ko mai jeri ukun, in ya tsere ba zai haihu ba ne kawai, bakinsa na nan, zai ci 'ya'yan karfasa har ya mutu.

29 ga Nuwamba

Sun haura wata bakwai, yau muka yanka wasu daga kowane kashi. Na gayyato wata hajiya mai banda da ke sayen kifi a wajena ta tsaya ta gani.

Macen shaida da aka farke, ƙwai jaka biyu ya cika ciki taf. A tarwadar da ta nuna sosai ƙwai kan kai kashi 15 cikin ɗari na nauyinta, har ya wuce. Macen mai jeri uku kuwa sai da muka nema, wasu siraran zare biyu ne jajaye manne da baya. Hajiya ta ɗaga kifin ta jinjina, ta ce, "Alhaji, wannan ai duk nama na saya." Ita ce mutum ta farko da na ga amfanin ya shiga aljihunta kai tsaye, don da kilo take saye, kuma abin da ta cire kafin ta ɗora a wayar banda asara ce. Ta dai ƙara da cewa masu farfesu akwai waɗanda ƙwan suke nema.

Mazan ne suka ba ni tunani. Marainansu sun fito, ba su kai na shaida cika da fari ba, amma suna nan. Haka abin yake a kifaye da yawa: macen ce ke rufewa gaba ɗaya, namijin yakan yi ɗan maniyyi mara kyau, ya kuma bi mace. Namiji irin wannan in ya shiga fadama zai iya ɓata wa macen kogi ƙwanta na shekara. Shi ya sa masu tarawut ke haɗa abu biyu, jeri uku kuma duka mata. A tarwada kuwa namiji ya fi saurin girma, to ka ga abin da kogi ke so da abin da mai gona ke so sun raba hanya.

18 ga Janairu 2026

Hunturu, ruwa da safe yana sauka ƙasa da digiri 22, ba ƙyanƙyasa. Mun zauna mun tsara zagaye na biyu.

'Yar yayana tana so ta gwada fitar da 'ya'ya daga uwa kaɗai. Ana haska maniyyi da fitilar UV, mai hasken nan da ke kashe ƙwayoyin cuta, har gadon da ke cikinsa ya mutu amma yana iyo, ya tayar da ƙwai ba tare da ya ba shi komai ba, sannan a yi wankan sanyin nan don jerin uwa biyu su zauna. A tarwada abin da ke fitowa duka mata ne, kuma daga nan ake fara hanyar samun iri na mata zalla. Shaidarsa ma mai sauƙi ce: ƙwan da aka haɗa da maniyyin da aka haska ba a sa shi a sanyi ba, jeri ɗaya gare shi, zai fashe gajere mai kumburi ya mutu cikin kwanaki. In ya rayu lafiya, fitilar ba ta yi aiki ba. Irin wannan gwaji wasu masana a Hangare suke yi da ƙwan wani babban kifin Rasha da ake kira istajin da maniyyin wani kifin Amurka mai dogon baki, suna zaton ba za su taɓa haɗuwa ba, sai ga 'ya'yan haɗi sun fito, aka wallafa a 2020. A Japan kuwa tun 2007 aka dasa ƙwayoyin haihuwar tarawut a cikin salmon mai jeri uku, ya girma ya haifi tarawut zalla. Tana mafarkin wata rana a yi wa kifayenmu da ke ƙaranci haka. Na ce mata mu fara samun wutar da za ta kwana.

Ni nawa buƙatun ƙanana ne. Za mu gwada minti 30, ko a samu tsabtar na 40 da rayuwar na 20. Za mu yi da uwa fiye da ɗaya, don abin da muka gani bara na uwa guda ne. Na yi odar ma'aunin zafi na biyu da batir na famfo. Lissafin kuɗi kuma ya nuna fingalin mai jeri uku ba zai sayu a farashin na kullum ba, ƙwan da ke mutuwa da awannin maikuroskof dole wani ya biya. Hajiya mai banda ta yarda ta ɗauki rukuni ɗaya in sun kai, ta auna kafin yanka da bayan banda, ta ba mu alƙaluman. Maƙwabtan da tafkinsu ya fashe a Agusta na yi musu magana, ɗaya ya ce zai karɓa in farashi ɗaya ne, ɗayan ya ce kogi ba nasa ba ne.

Iyayen da za a yi wa allura an ware su a tanki na huɗu, an ƙara musu abinci. Allura sai ruwa ya koma digiri 26 da safe, muna sa ran ƙarshen Fabrairu.